Shafi na Tara

Litinin, 21 ga Oktoba, 7:40 na safe

Wani ya rubuta "maciya amana" da yatsa a jikin ƙanƙarar da ta kwana a gilashin motata. Rubutu tsaf, ko harafi ɗaya bai karkace ba. Ko ba komai makarantar Ahmakoski ta iya koya wa mutane rubutu. Na kankare, na taho ofis.

Na sayi wannan littafi ne don na ga bakina ya rasa abokin magana. Bari in ajiye abin yadda yake, ko da wata rana wani zai ce Sirkka ta ce kaza. Shekara ashirin da biyu ke nan ni ke riƙe da lissafin makarantun ƙaramar hukumarmu. Bana abin da gwamnati ke turo mana ya ragu, majalisa kuma ta rantse ba za ta ƙara wa kowa haraji ba, sai aka ce sashen ilimi ya nemo inda zai rage yuro dubu ɗari uku. Ranar Juma'a jarida ta buga cewa an samo. Za a rufe makarantar ƙauyenmu Ahmakoski, a riƙa kwasar yaranta goma sha tara zuwa gari, kilomita arba'in da biyu. A ƙasan rahoton da suka buga akwai sunana.

A makarantar nan na koyi ƙidaya. Ban manta ba, ba sai an tuna min a gilashin mota ba.

Talata, 22 ga Oktoba, 12:20 na rana

Aulis, shugaban sashenmu, ya shigo min da kofi biyu. In Aulis ya kawo maka kofi, to ka dafe aljihunka.

Na shimfiɗa masa jaridar. Na ce, "Wannan ba rahotona ba ne. Ni na rubuta in an rufe makarantar, dubu tamanin za a samu. Wa ya mayar da ita dubu ɗari uku da goma?"

Ya ce, "Haba Sirkka, ɗan gyara ne aka yi. Kin cika shi da ƙananan abubuwa."

"Ƙananan abubuwa? Motar da za ta kai yara gari ta dawo da su kullum, ƙaramin abu ce? Ginin da za a bari, in ba a ɗumama shi ba famfuna su fashe don sanyi, iska ce za ta biya? Makarantar gari kuma sai an ƙara mata aji da malami. In haka ake lissafi, ni ma sai in rufe asibiti in ce na ci riba."

Ya yi dariyar nan tasa ta hanci. "Majalisa lamba ɗaya take so, ba wa'azi ba. Ranar sha takwas ga watan gobe za su zauna. Ki sa hannu a kan sabon, kowa ya huta."

Na ce sai na duba. Na shanye kofin, tunda ba shi ya yi min laifi ba.

Ban tambaye shi inda shafi na tara na rahotona ya shiga ba. Shi ma bai ambata ba.

Laraba, 23 ga Oktoba, 4:00 na yamma

Ban san wanda ya kai wa jarida ba. Ban sa hannu ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba, 2:30 na rana

Orvokki ta zo. Ita ce shugabar makarantar Ahmakoski, kuma benci ɗaya muka zauna ni da ita shekara shida. Ta shigo ta rufe ƙofa, ko rigar sanyinta ba ta cire ba.

Ta ce, "Ba faɗa na zo yi ba."

Na ce, "Madalla, don layin masu faɗa ya yi tsawo."

Maganar rufi ce ta kawo ta. Masu duba gini sun ce gyaran rufin makarantar zai ci dubu ɗari da ashirin, ita kuma tana so in ɗaga shi gaba, kada majalisa ta gani bana.

"Rufin nan zai ƙara shekara uku, na sani."

"Kin sani, ko kina fata? Bara da dusar ƙanƙara ta narke, bokiti nawa kika jera a ajin ƙanana?"

"Huɗu."

"Shida. Ni na biya kuɗinsu."

Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Ta ce, "Ke kam inda zuciya ya kamata ta zauna, na'urar lissafi aka dasa miki."

Na ce, "Aulis yana so in kumbura lamba, ke kina so in ɓoye lamba. Ku je ku sha kofi tare, kun fi dacewa."

Ta fita ta jawo ƙofar a hankali. Da ta buga ta da ƙarfi, da ya fi min sauƙi.

Lahadi, 27 ga Oktoba, 5:15 na yamma

Na je ƙauye cin abincin rana wurin Mama. Ta yi miyar kifi da baƙin burodi. Shekararta tamanin da ɗaya, har yanzu ba ta yarda kowa ya yanka mata burodi ba.

Na tarar da yayana Reijo. Shi ke da ƙananan motoci biyu masu ɗauko yara daga gidajen cikin daji zuwa makarantar, aikin da ya gada wurin Baba. Yanzu kuma shi ne shugaban kwamitin ceto makaranta. Ya tara sa hannun mutum ɗari huɗu a ƙauyen da bai kai mutum ɗari uku ba.

Ina shiga ya ce, "Ga uwar lissafi nan. Mama, ɓoye cokulanki, kada ta ce sun yi yawa a rage."

Na ce, "In zan rage, da naka zan fara, ka fi kowa ci."

Maganar ta fita kafin in tuna da shafi na tara.

Ya ce, "In ba ke kika rubuta abin da aka buga ba, fito ki gaya wa jarida."

"Ni ma'aikaciya ce. Ba na kai takardar ofis jarida."

"Ke 'yar Ahmakoski ce kafin ki zama ma'aikaciya."

"Kai kuma direba ne kafin ka zama ɗan siyasa. Ka tsaya a layinka."

Mama ta buga ludayi a tukunya. Ta ce, "Ku ci abinci. Ba a zaman majalisa a gidan nan."

Muka ci. Ya tashi kafin a kawo kofi.

Litinin, 28 ga Oktoba, 9:00 na safe

Shafi na tara yana cikin aljihun tebur, na kulle. Ba yau zan yi maganarsa ba.

Laraba, 30 ga Oktoba, 1:10 na rana

Ina gida da rana tsaka, abin da rabona da shi tun da na yi murar nan shekara huɗu da suka wuce.

Da safe Aulis ya ajiye min sabon rahoton da biro a kai. Na mayar masa da biron, na ce nawa ma yana rubutu, hannun ne ya ƙi. Bayan awa ɗaya aka kira ni sama. Wai ana bincike a kan yadda takardar ofis ta fita waje, kuma tunda ni 'yar ƙauyen ce, zai fi kyau in ɗan huta. Ba kora ba ce, sun nanata har sau uku. Hutu ne, da albashi.

Na ce, "Wato hukumar da ke neman inda za ta rage kuɗi za ta biya ni in zauna a gida. A sa wannan a cikin rahoton."

Ba wanda ya yi dariya. Na ajiye makullin ofis, na ɗauki kofina da tukunyar furena. Mutanen ƙauye sun ce na sayar da su ga ofis, mutanen ofis sun ce na sayar da su ga ƙauye. Da na san ina da tsada haka, da tuni na gyara rufin gidana.

Ban sa hannu ba.

Alhamis, 31 ga Oktoba, 10:00 na safe

Na wanke tagogi duka. Wayata ba ta yi ƙara ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba, 5:40 na yamma

Ranar tunawa da matattu, ranar da ake kai kyandir maƙabarta. Duk ƙauyen ya fito, kowa da gilashin kyandir ɗinsa. Mutanen da na sani tun ina rarrafe sai suka ga sunayen da ke jikin duwatsun kaburbura sun fi fuskata daɗin kallo. Na bi tsakiyarsu kaina a sama. Ubana na zo gani, ba su ba.

Reijo ya riga ni zuwa kabarin Baba. Iska ta kashe min ashana uku. Ya miƙo min abin kunna tabarsa bai dube ni ba.

Na kunna kyandir na ajiye. Can ya ce, "Shekara talatin da ɗaya yana kai yara makarantar nan. Sau ɗaya ya makara, ranar da aka haife ki."

Na ce na sha ji.

Ya ce, "Mutane na cewa don aikina nake wannan faɗa. Sakarkaru. In aka rufe ta ai aikina ƙaruwa zai yi, hanya ta yi tsawo, kuɗi ya yi yawa. Amma in makaranta ta tafi, masu yara za su bi ta, kanti ya rufe, shi ke nan sai mu da waɗannan." Ya nuna duwatsun da haɓa. "Gara in rasa komai da a rufe ta."

Na ce sanyi ya yi yawa, na tafi.

Litinin, 4 ga Nuwamba, 8:30 na safe

To, bari in rubuta. Littafina ne, ba wanda zai karanta.

Shafi na tara maganar motocin yara ce. Mutum uku ke ɗaukar 'yan makaranta a hukumar nan, kowa da kwangilarsa, kuma shekara goma sha shida ba a buɗe aikin an ce kowa ya zo ya faɗi farashinsa ba. Sabuntawa kawai ake yi. Watan jiya na zauna da taswira na bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya. Akwai titin da motoci uku ke bi kowace safiya, ɗaya da yara huɗu, ɗaya da biyar, ɗaya da biyu. In aka haɗe hanyoyin aka buɗe aikin ga kowa, za a samu dubu ɗari da casa'in a shekara. A sayar da tsohon gidan malamai da ba kowa a ciki amma ana ɗumama shi, a haɗa sayen abinci da littattafai da hukumar maƙwabta, sauran ya cika. Ba sai an rufe ko aji ɗaya ba, ba sai an taɓa harajin kowa ba.

Amma in aka haɗe hanyoyin, mai manyan motoci ne zai ci. Reijo motoci biyu gare shi, ɗaya ta girmi wasu malaman.

Ban san dalilin da ya sa Aulis ya cire shafin ba. Ina da zato, na san gidan da yake zuwa farauta duk kaka, amma ba na rubuta zato.

Ga abin da nake ta kewayewa. Ranar da na ga ya cire shi, daɗi na ji. Na koma gida na yi barci har da munshari. Na yi ta ɗaga murya a kan dubu tamanin da dubu ɗari uku da goma don kada in ji kaina. Kwana goma sha huɗu ina cewa ban sa hannu ba, ban sa hannu ba, kamar shi ke nan aikina.

Ban yi ƙarya ba. Amma na yi shiru, kuma na san kuɗin shirun.

Laraba, 6 ga Nuwamba, 3:00 na rana

A kanti, matar da ke karɓar kuɗi ta ce da wadda ke bayana, yadda zan ji, "Wasu dai ba su da yara, shi ya sa ba su san zafi ba."

Na juyo na ce, "Gaskiya ne. Shi ya sa nake da lokacin lura cewa kin buga min madara sau biyu."

Ta duba. Sau biyu ne. Na tsaya har ta mayar min da yuro ɗaya da santi goma, layi yana jira.

Na ɗauki kayana na fita.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, 4:30 na yamma

Na je garejin Reijo bayan ya sauke yara. Na same shi a durƙushe yana ɗaure tayar tsohuwar motar. Na ce ya ajiye sifana, magana na zo da ita. Bai ajiye ba. Na faɗa masa duka a tsaye, hanyoyin, yaran, lambar, har da yadda na ji daɗi da aka cire shafin.

Ya daɗe yana juya ƙusa ɗaya da ta riga ta ɗauru.

Ya ce, "Wa ya sani?"

"Ni da Aulis."

"To a bar kaza cikin gashinta."

"In aka bar ta, ranar sha takwas su rufe makarantar."

"Za mu cika zauren. Ba za su iya ba."

"Za su iya. Suna buƙatar dubu ɗari uku, hanya ɗaya aka nuna musu. Kwalayen zanga-zangarku ba kuɗi ba ne, Reijo."

Ya miƙe, ya goge hannu a wando. "Shekarata hamsin da tara. Wa zai ɗauke ni? In je in cire wa yaron kamfani hula in ce ranka ya daɗe?"

"Kai ka ce gara ka rasa komai."

"A maƙabarta na faɗa! Kowa jarumi ne a maƙabarta."

Na ce ban zo neman izini ba, na zo ne kada ya ji a bakin wani.

Ya ce, "Ashe wanda ya yi miki rubutu a mota ya san ki. Fita min daga gareji."

Na fita. Ban yi gudu ba, ban waiwaya ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba, 11:00 na safe

Dusar ƙanƙara ta farko. Na share gaban gida sau biyu, na biyun ba dalili.

Litinin, 11 ga Nuwamba, 10:15 na safe

Na kira Orvokki lokacin da na san yara sun fita wasa. Ta ɗauka da "Me kuma?"

Na ce, "Ɗauki biro. Duk takardar da aka shigar rajistar hukuma, doka ta ba kowane ɗan ƙasa damar ya nema ya gani. Rahotona na asali na shigar da shi kafin in miƙa wa Aulis, haka nake yi shekara ashirin da biyu. Ga lambarsa." Na karanta mata sau biyu.

"Me ke ciki?"

"Rufinki yana ciki, ban rage ko santi ba. Ki wuce shi ki je shafi na tara. In kin gama, kin san 'yan majalisar da ke ɗaukar wayarki."

Ban saci takarda ba. Ban kai wa jarida ba. Lamba na faɗa, kuma lambar ta jama'a ce, su suka biya kuɗin tawadar.

Ranar dai, 3:45 na yamma

Orvokki ta kira.

Ta ce, "Sirkka, Reijo fa?"

Na ce, "Na sani."

"Ya sani?"

"Ya sani."

Ta ce, "Abin da na faɗa miki ranar nan a ofis..."

Na ce ta bar shi, ta je ta yi waya, kwana bakwai ya rage.

Laraba, 13 ga Nuwamba, 9:20 na safe

Aulis ya kira, muryarsa kamar an shafa mata man shanu. Wai 'yan majalisa biyar sun nemi rahoton asali, wai sun ce a kira ni in amsa tambaya ranar Litinin. Wai yana ba ni shawara ta abokantaka in ce shafin gwaji ne, ban gama tantancewa ba.

Na ce na gama.

Ya ce, "Shekara nawa ya rage miki ki yi ritaya?"

Na ce, "Goma sha ɗaya. Kuma duk da ni za ka yi su."

Juma'a, 15 ga Nuwamba, 2:00 na rana

Na kai wa Mama magani. Ta zaunar da ni, ta yanka burodi mai zaƙi, ta tsaya a kaina har na ci.

Ta ce, "Ɗan'uwanki ba ya cin abinci."

Na ce zai ci.

"Babu wata hanya?"

"Akwai. A rufe makaranta."

Ta juya ta kalli taga. Daga tagarta ana ganin filin makarantar, yara na ta jifan juna da ƙanƙara. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ni ban san lissafi ba. Na san dai biyu na haifa."

Ba ta ce in fasa ba. Ba ta ce in yi ba. Ta naɗe min sauran burodin a takarda.

Litinin, 18 ga Nuwamba, 3:30 na yamma

Ƙarfe biyar za a zauna. Na goge baƙar rigata. Ba na jin tsoro. Na shiga banɗaki sau huɗu, amma ba na jin tsoro.

Talata, 19 ga Nuwamba, 8:00 na safe

Zauren ya cika har bakin ƙofa, ƙauyen duka ya zo da kwalaye. Wani kwali an zana ni a jiki riƙe da almakashi. An ƙara min hanci, amma gashin ya yi kama. Reijo na layin gaba, hannu a harɗe.

Aulis ya yi bayani minti ashirin, da hotuna masu launi. Sannan wata 'yar majalisa, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ba ta iya kwana-kwana ba, ta ce a kira ni.

Ta ce, "In an rufe makarantar, nawa za a samu?"

Na ce, "Dubu tamanin."

Zauren ya ɗauki tafi. Ta ce, "Rufin fa?"

"Yana yoyo. Dubu ɗari da ashirin. In ba a gyara ba, ni da kaina zan dawo nan baɗi in ce a fitar da yaran."

Tafin ya mutu. Wani daga baya ya ce, "Kun ji ta ko!"

Ta ɗaga shafin sama. "Wannan fa? Kin tsaya a kansa?"

"Na tsaya."

"An ce ɗaya daga cikin masu motocin danginki ne."

Na ce, "Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ga shi can zaune. Shekara goma sha tara yana ɗaukar yaranku, bai taɓa barin ko ɗaya a kan hanya ba, kuma bai taɓa karɓar santi ɗaya da bai yi aikinsa ba. Ba shi ya tsara hanyoyin ba, mu muka tsara, mu muka yi barci a kansu shekara goma sha shida, har da ni. Kuɗin kuwa ba nawa ba ne, ba nasa ba ne. Na tsohuwar da ke biyan haraji daga ɗan fanshonta ne. Ba zan ce mata ta ci gaba da biyan motoci uku su ɗauki yara goma sha ɗaya ba."

Ban dubi layin gaba ba. Na dubi agogon bango har na gama.

Sun yi ta ja-in-ja awa biyu. Mutum biyu suka tashi suka fita kafin ƙuri'a, wai suna da alaƙa da maganar. Yanzu suka tuna. Aka ƙirga: goma sha ɗaya da takwas. Makaranta ta tsaya. Za a gyara rufi a raba kuɗin shekara uku. Za a haɗe hanyoyin mota, a buɗe aikin ga kowa, sabon tsari ya fara watan Agusta.

Mutane suka yi ta rungumar juna. Matar kantin nan ta taho da hannu a miƙe, tana cewa dama ita ta san ni ba haka nake ba. Na ce, "Hannuna da jaka." Jakar a kafaɗa take.

Da na waiwaya kujerar Reijo ba kowa. Kwalinsa na jingine a jikinta.

Laraba, 20 ga Nuwamba, 12:30 na rana

Takarda ta zo, layi biyu. An rufe bincike, in koma aiki. Ba a ce an gano wani ba, ba a ce a yi haƙuri ba. Na koma. Na mayar da tukunyar furena inda take. Aulis ya gaishe ni a baranda kamar jiya muka rabu, na amsa kamar jiya muka rabu.

Na kira Reijo sau ɗaya, bai ɗauka ba. Ba zan ƙara ba.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, 6:00 na yamma

Na ƙara.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, 9:50 na safe

Na tsaya shan mai a hanyar ofis, sai ga motarsa ta shigo, ya sauke yara ke nan. Ya ga motata sarai. Na zaci zai wuce. Ya tsaya a famfon da ke kusa da nawa, ya fito ya sa bututu. Ya rame, bai yi aski ba.

Muka tsaya kowa na kallon lambobin famfonsa.

Ya ce, "Takardar neman aikin nan, shafi nawa za ta kai?"

Na ce, "Kamar arba'in."

"Za ki cika min?"

"Ba zan iya ba. Ni ƙanwarka ce. Doka ta hana ni taɓa ta, ko in cika, ko in duba."

Ya gyaɗa kai. "Na san haka za ki ce. Na tambaya ne in ji da kunnena."

Na ce akwai mace a ofishin masu ƙananan sana'o'i da ke taimakawa kyauta, ranar Talata take zama. Ya ce ya ji.

Ya cire bututun ya rataye. Sai a lokacin ya dube ni.

"In na cika, zan ci?"

"A'a."

"Ko ƙarya ɗaya ba za ki yi min ba? Ɗaya tak, da sassafen nan?"

"A'a, Reijo."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba. Ya buɗe ƙofar mota, ya sa ƙafa ɗaya, ya tsaya.

Ya ce, "To sai na cika. Duk arba'in ɗin. Su sha wahalar karantawa."

Ya ja mota ya tafi, bai ce sai an jima ba.

Na shiga tawa na rufe ƙofa na yi kuka. Minti shida, na duba. Na share fuska, na iso ofis a makare, na rubuta a takardar zuwa aiki cewa na makara.